Keken Ummi Daga Batsari Zuwa Kumasi

Ni mahauci ne, ɗan mahauta. A Safana aka haife ni, amma teburina yana kasuwar Batsari. Sunana Lawal. Mutumin da aka saba gani da cinyar sa a kafaɗa ba a tsammanin a gan shi yana tura keken jarirai a titi, shi ya sa har yau in na gifta rumfar mai shayi sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ga direban Ummi nan!" Ina ɗaga masa hannu in wuce. Bai je inda na je ba.

Ummi 'yata ce ta fari. Shekararta huɗu lokacin da muka yi tafiyar nan, kuma da sikila aka haife ta. Wanda bai zauna da mai sikila ba, ba zai gane ba. Yarinya ce mai surutu da ƙiriniya, ka gan ta da safe tana bin akuya da gudu, kafin azahar ta kwanta ta riƙe gwiwa tana ihu kamar ana sara mata ƙashi. Gajiya tana tayar da ciwon, sanyi yana tayar da shi, dukan ruwa kuwa ba a magana.

Sunan kakata ta ci, mahaifiyar babana, shi ya sa ba ma kama sunan, muke ce mata Ummi. Baba yana Kumasi tun ina ƙarami. Fataucin shanu ya kai shi, ya yi aure a can, ya zauna. Da yana zuwa jefi-jefi, daga baya ƙafa ta ɗauke. Sai a shekarar nan ya fara kira a waya, yana cewa gwiwoyinsa sun ƙi, idonsa ya fara hazo, a kawo masa uwarsa ya gani. Matata Saudatu malamar firamare ce, don haka sai da muka jira dogon hutu, wanda ya faɗo tsakiyar damina. Muka shirya mu tafi gaba ɗaya, ni da ita da Ummi da ɗan goyonmu Sadiƙu.

A wajen 'yan gwanjo na Katsina na ga keken a rataye. Shuɗi ne, mai rumfa, ana naɗe shi kamar lema, bayansa yana kwantawa. Na tsaya ina tunani. Bayan Saudatu na Sadiƙu ne. Hannuwana na kaya ne. Ummi fa? Na saya.

Da muka je Safana sallama, Inna, mahaifiyata, ta zagaya keken tana kallonsa kamar an kawo mata wata dabba daga dajin Ruma.

"Mi ne ne wanga kuma?"

"Keken Ummi ne, Inna."

"Ƙafarta ta gutsure ne? Ni na goye ka daga nan har Babban Duhu, da ƙwarya bisa kaina, ba wanda ya mutu. Ɗiya mai shekara huɗu a keken jinjirai! Ka je ka nuna ma mutanen Kurmi gurguwa muka haifa?"

Kawu Sale, ƙanenta, wanda ya taɓa zuwa Legas sau ɗaya yake ganin ya gama sanin duniya, ya ce kaya ne kawai zan ƙara wa kaina, kowane direba sai ya ce in biya masa kujera. Ko Saudatu da muka koma gida sai da ta yi ƙasa da murya ta ce, "Baban Ummi, ko mu bar shi? Ka ga ana ta magana."

Na ce, "Masu maganar su za su ɗaukar mini ita?"

Na naɗe shi, na ɗaure da igiya, na jingina shi jikin jakunkuna.

Ruwa muka tarar a Legas. Doguwar motar da ta kwaso mu daga Katsina ta zubar da mu da safe, ƙafafunmu a kumbure, muka nemi tashar motocin boda. Filin tashar ya zama tafki, baƙin ruwa har idon sawu, 'yan kamasho suna fizgar jaka suna ihu da yaren da ban taɓa ji ba. Na buɗe keken, na zaunar da Ummi, na ja mata rumfa. Muna cikin haka sai na ji sallama a bayana, da Hausa irin tamu.

Mutum ne kamili, da farar shadda da hula, carbi a hannu. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi mutan gida. Da na ce daga Batsari muke sai ya dafe ƙirji. Ya ce shi ɗan Dutsinma ne, ya san Wagini, ya sha sayen wake a can. Ya duba Ummi ya ce, "Wagga ɗiya ba ta da lafiya ko?" Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce ba zai yarda ɗan gida ya sha wahalar sauka da hawa da marar lafiya ba, akwai motar da ke zuwa Kumasi kai tsaye, ba sauka a boda ko ɗaya. Da hannunsa ya karɓi keken ya tura cikin ruwan, shaddarsa tana jiƙewa. Ummi har Baffa ta kira shi. Na ba shi kuɗin motar Kumasi, wanda shi ne mafi yawan abin da muka ware wa hanya. Ya saka mu a mota, ya ba ni lambarsa, ya yi mana addu'a.

A bodar Seme direba ya kashe mota ya ce kowa ya sauka. Na ce masa, "Kumasi." Ya kalle ni kamar mahaukaci. Wani Alhaji mai fataucin leshi da ke gaban motar ya yi mana tafinta: iyakar nan aka biya mana. Na kira lambar, a kashe. Na sake kira, a kashe.

Na gane mai farar shaddar nan ya damfare mu, amma ban yarda Saudatu ta ga damuwata ba. Alhajin ya gyara jakarsa ya ce, "Ai kai ka jawo wa kanka, malam. Duk wanda ya gan ka da keken nan ya san baƙo ne, kuma ya ɗauka mai kuɗi ne. Mu nan ko agogo ba ma ɗaurawa. Ka jefar da shi ka saɓa 'yarka kamar kowa."

Na ga Saudatu ta sunkuyar da kai. Na ce, "Na gode, Alhaji." Na kwance igiya, na buɗe keken a gabansa, na zaunar da Ummi, na lulluɓe ta da babbar leda, na cusa ƙaramar jaka a ƙarƙashi, babbar na ɗora a ka. Haka muka shiga layin masu tsallaka boda a ƙafa.

Tafiyar ba kusa ba ce, kuma ba tafiya ce kawai ba. Tsayuwa ce, a matsa kaɗan, a sake tsayawa, a nuna fasfo, a nuna katin rigakafi, a koma wani layin. Yayyafi bai tsaya ba. Na ga mata suna jan yaran da suka gaji suna kuka, na ga wani ya sauke ɗansa a taɓo don kafaɗarsa ta sage. 'Yan acaɓa suna nuna ni suna dariya. Ummi kuwa barcinta ta yi, a bushe, babban yatsanta a baki. Duk wanda ya kalle ni sai in kalle shi har ya kau da kai.

A Kwatano muka gane mun zama baƙi na gaske. Naira ta daina magana sai sefa, Turancin Saudatu ya daina aiki sai Faransanci. Abin da ya rage a aljihuna ba zai kai mu ko rabin hanya ba. Muka tambayi zango aka nuna mana, na nufi masallaci, domin shi ne ƙofar da baƙo ke da ita a ko'ina. A nan na haɗu da Malam Idi, mai tsire, mutumin Maraɗi. Ya ji labarinmu bai yi dariya ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Ya ba mu wani ɗaki a bayan gidan da yake haya, inda yake ajiye gawayi da tsinkuna. Ɗakin yana da danshi, amma yana da ƙofa.

Washegari matar mai gidan ta ga keken. Babbar mace ce mai shagon kayan masarufi, ta juya shi, ta murza tayoyin, ta ce tana so wa jikanta. Malam Idi ya fassara mana tayinta. Abin da ta taya zai kai mu Kumasi.

Saudatu ta ja ni cikin ɗaki ta rufe ƙofa.

"Mu sayar, Baban Ummi."

"Ba na sayarwa ba ne."

"To ka kira Baba ya turo mana."

"Ban roƙe shi ina yaro ba, ba zan fara da gemu ba."

"Wannan taurin kan naka wa zai amfana? Dubi bangon nan, ruwa yake tsattsafowa. Kowane kwana a ɗakin nan cuta ne ga yarinyar nan. Kai kana kare keke, ni ina kare 'yata."

Maganar ta soke ni, domin ba ƙarya ta faɗa ba. Amma na ce mata akwai boda biyu a gabanmu, kuma na ga yadda ake tsallaka ɗaya. Na ce ina da hannu, ina da sana'a. Na fita na sami Malam Idi na ce ya ara mini wuƙa.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su a gindin tukubarsa. Ina yanka, ina fere nama, ina soka tsinke, ina barbaɗa ƙuli. Da ya ga yadda hannuna ke tafiya sai ya bar mini yankan gaba ɗaya ya koma kan wuta. Hayaƙin iri ɗaya ne da na gida, amma komai ban da shi baƙo ne. Abinci garin rogo ne da kifi da wani jan mai da ke tsaya mini a maƙogwaro. Na riƙa kwaɗayin tuwon dawa da miyar kuka kamar mai ciki. Wata rana Inna ta kira, ta ce gero ya fara fitar da kai, an sami ruwa mai kyau, kuma kwana biyu garin lafiya, ba a ji harbi ta wajen daji ba. Ta ce, "Kun isa?" Na ce muna hanya, mun tsaya hutawa. Da ta kashe na daɗe riƙe da wayar. Garin da muke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ga shi ina kewarsa har ƙirjina yana ciwo.

Saudatu ba ta yi mini magana sosai a kwanakin nan. Da rana takan fito da Ummi daga danshin ɗakin, ta zaunar da ita a keken inda rana ke bugawa. Matar mai gidan takan wuce ta kalli keken ta yi tsaki.

Ranar da abin hannuna ya isa, Malam Idi ya raka mu tasha da kansa, ya yi ciniki da direba a gabana, ya tsaya har motar ta tashi. Ya ƙunsa wa Ummi tsire marar yaji a takarda. Da na fara godiya ya ce, "Bari, malam. Ni ma wani ya ba ni ɗakin gawayi."

Motar Lome gilashinta na baya ba ya rufuwa. Muna tsallaka boda ta biyu hadari ya haɗo daga teku, ruwa ya riƙa feso mana. Na cire rigata ta sama na toshe tagar, Saudatu ta naɗe Ummi da zane, amma iska ta riga ta shige ta. Kafin mu shiga gari ta daina surutu. Wannan shirun mun san shi. Muna sauka a tasha da la'asar ta ce, "Baba, ƙafata," sai ihu.

Akwai abin da masu cewa in saɓa ta ba su sani ba. In ciwon ya tashi ba ta son a taɓa ta. Ka ɗauke ta, ƙafafun su yi lilo, kamar ka ƙara mata wuta ne. 'Yan acaɓa sun kewaye mu kowa yana cewa mu hau, amma ba yadda za a yi ta zauna a babur. Motoci kuma sun cushe, ba gaba ba baya. Na kwantar da bayan keken, na shimfiɗa zane, muka sa ta a hankali. Na miƙe ina waige-waige, ina cewa "Asibiti! Asibiti!" Saudatu tana faɗin haka da Turanci. Kowa yana kallonmu.

Wata mata mai sayar da burodi a bakin tashar ce ta taso. Gajera ce, da ɗankwali ja. Ta leƙa fuskar Ummi, ta ɗauki farantin burodinta ta dire wa maƙwabciyarta, ta yafito ni da hannu, ta shige gaba. Ba ta jin Hausa, ba ma jin nata. Ta ratsa da mu ta lunguna, ta bayan kasuwa, ta cikin wani garejin gyaran mota, tana ture mutane tana yi musu tsawa su ba da hanya. Ina tura keken da gudu, jaka a kaina, Saudatu tana biye da Sadiƙu yana kuka a bayanta. A wata kwalbati tayar gaba ta faɗa rami ta karye. Ban tsaya ba. Na danna mariƙin ƙasa, gaban ya ɗaga, na ci gaba da tura shi da tayoyin baya.

Ƙaramin asibiti ne. Ma'aikaciyar jinyar da ta tare mu ta buɗe idon Ummi, ta duba tafin hannunta, ta yi mana tambaya ba mu gane ba. Sai ta ɗauki biro ta rubuta harafi biyu a tafin hannunta ta nuna wa Saudatu: SS. Saudatu ta gyaɗa kai, hawaye suka zubo mata. Aka yi wa Ummi allura, aka sa mata ƙarin ruwa. Sannu a hankali ihun ya koma nishi, nishin ya koma barci.

Muna zaune a benci a waje Saudatu ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Da mun sayar tun ranar, da mun riga ruwan nan wucewa."

Na ce, "Da ya same mu a wani wurin fa, da me zan kawo ta?"

Can ta ce, "Allah ne masani." Ta miƙo mini Sadiƙu, ta je famfo ta ɗebo ruwa a roba, ta durƙusa ta wanke taɓon da ke jikin keken tas, har cikin tayoyin. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Kwanakin da muka yi a asibitin, kullum da hantsi matar nan sai ta zo da burodi mai ɗumi. Ta zauna a bakin gado ta yi ta yi wa Ummi hira da yarenta, Ummi tana ba ta amsa da Hausa, su yi ta dariya kamar suna fahimtar juna. Har muka rabu ba mu san sunanta ba, Maman Burodi muke ce mata. Ita ta kai ni wajen wani mai gyaran babur, ya ɗaure tayar da waya da guntun ƙarfe. Daga ranar keken ya koma ja ta hagu, yana ƙara kamar ɗan tsako. Ranar da aka sallame mu na buɗe jaka na ciro kilishin da na yi wa Baba da hannuna, na raba biyu na ba ta rabi. Ta ƙi, na ƙi, ta ƙi, na ajiye a kan farantinta na juya.

Bodar Ghana a ƙarshen garin Lome take, a bakin teku, don haka a ƙafa muka je. Ummi ta rame, idonta ya yi zuru-zuru, amma bakin ya dawo. Da ta hango ruwan sai ta ɗaga rumfar keken ta miƙe zaune.

"Baba, wa ya tara wannan?"

"Allah ne."

"Shanun wa ke sha?"

Na ce ba a sha, gishiri gare shi. Ta ce ƙarya nake yi. Saudatu ta fashe da dariya, rabon da in ji dariyarta tun Legas.

A Aflawo, garin farko a ɓangaren Ghana, yaron motar Kumasi ya fizgi keken zai jefa saman mota a ɗora masa buhunan gari. Na riƙe. Ya ja, na ja. Ya zage ni da yarensa, na rama da nawa, fasinjoji suka taru. Direba ya ce ko sama ko in sauka. Na shiga na zauna a kujerata, na tsayar da keken a naɗe tsakanin gwiwoyina, na rungume shi, na ce duk wanda ya isa ya zo ya sauke ni. Ba wanda ya zo. Haka na riƙe shi har Kumasi, ƙarfen yana cin cinyata.

Da yamma muka isa zango. Wani ɗan'uwana da ban taɓa gani ba, wanda aka haifa a can, ya tarye mu ya kai mu gidan. Na hango tsoho a kujerar roba a ƙofar gida, da sanda a jingine. Na yi ta neman babban mutumin nan mai faɗin kafaɗa da nake tunawa, ban same shi ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon gefe, bai kama sunana ba, kasancewar ni ne ɗan fari. Ya tambayi Safana, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen da suka daɗe da rasuwa. Hausarsa ta zama ta Kurmi, har yana ce wa mace "shi".

Sai idonsa ya sauka a kan keken, da wayar da aka ɗaure tayarsa, da Ummi a ciki.

"Haka aka koma a gida yanzu? Namiji, ɗan mahauta, da keken jarirai? Mu a zamaninmu yaro kamar wannan shi ke kora awaki."

Na sha wannan magana daga bakin Inna, da Kawu, da Alhajin boda, na haɗiye. Daga bakinsa ta ƙi haɗiyuwa. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, wanda ya ɗauki ɗa shi ya san nauyinsa."

Saudatu ta taɓa mini gwiwar hannu.

Ummi ce ta raba mu. Ta leƙo daga ƙarƙashin rumfa ta ƙare masa kallo ta ce, "Kai ne tsohon da aka ce ni ce uwarka?"

Ya ce, "Ni ne."

"To tashi ka tura ni."

Matan gidan suka fashe da dariya. Ɗan'uwana ya raɗa mini cewa watanni ke nan Baba bai wuce ƙofar nan ba, ko masallaci ba ya iya zuwa. Na buɗe baki zan tsawata mata, sai na ga ya miƙa hannu ya kama mariƙin keken. Ya gwada nauyinsa a kai. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa ya miƙe. Na matso zan tare shi ya ce, "Bari." Ya taka ɗaya, ya taka biyu, keken yana ƙara yana ja ta hagu, Ummi tana cewa, "Yi sauri mana!" Har ƙarshen layin suka je suka dawo, zufa ta jiƙa masa riga.

Daga ranar abin ya zama nasu su biyu. Da hantsi ya tura ta wajen mai koko, da la'asar ya tura ta ƙofar masallaci, yana tsayawa a kowace rumfa yana cewa, "Ku zo ku gaida uwata, daga Katsina shi zo." Sanda ba ta riƙe shi kamar yadda mariƙin nan ke riƙe shi. Ni da shi kuwa ba mu yi wata doguwar magana ba. Mukan zauna a tabarma ɗaya, ya ci kilishin da ya rage yana cewa yajin ya yi kaɗan, amma bai bar ko ɓarɓashi ba.

Da hutu ya zo ƙarshe, ana gobe za mu tafi, bayan sallar azahar ya sa aka kira ni. Keken yana gefensa, hannunsa a kai.

"Ka bar mini abin nan."

Na kalli hannun. Na kalli gwiwoyinsa. Na san in na tafi da shi zai koma kujerar roba. Na kuma san hanyar da ke gabanmu, boda uku, da damina da ba ta ƙare ba.

Na ce, "A'a, Baba. Na yi magana da mai walda, zai ƙera maka abin dogarawa mai taya, gobe za a kawo. Amma wannan na Ummi ne, da shi za ta koma gida."

Ban taɓa ce masa a'a ba a rayuwata, domin bai taɓa zama kusa da ni har ya nemi wani abu ba. Na jira faɗa. Ya daɗe yana kallona da idanun nan masu hazo, karo na farko da ya kalle ni ido cikin ido tun zuwanmu.

Ya ce, "Ni na iya barin abu a baya. Kai ba ka iya ba." Ya ɗauke hannunsa daga kan keken. "Kada ka koya."

Da safe shi ya tura ta har bakin titi inda za mu hau mota, a hankali, yana tsayawa yana hutawa, ba wanda ya ce masa ya yi sauri, har ita. Da muka isa ya sunkuya ya ce ta sa masa albarka. Ta dafa masa hula ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka daina rashin ji." Ya ce amin. Ɗan'uwana ya kama shi ta kafaɗa, shi kuma ya saki mariƙin. Na sa hannuna a inda nasa ya tashi, na juya keken ya fuskanci hanya.